Motar Yankan Ciyawa da Filin Bayan Gidanmu a 'Yargoje

Kowane inji da ɗan'adam ya ƙera yana ɗauke da hoton ƙasar da aka yi shi dominta. Wanda ya zana shi ya riga ya ƙaddara irin turɓayar da zai taka, da hannun da zai riƙe shi, da nisan da ke tsakaninsa da bakanike. Idan aka raba inji da waɗannan sharuɗɗa, sai ya koma tulin ƙarfe mai tsada da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa. Wannan ita ce maganar da nake son tattaunawa da mai karatu a wannan mako. Abin da ya jawo ta kuwa wata shawara ce da ta raba kan 'yan gidanmu na 'Yargoje, a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, tsawon watanni kafin faɗuwar damina.

Gidanmu na gado yana bakin gari, kuma a bayansa akwai fili da bai gaza eka biyu ba. A da, rabinsa gona ce, rabinsa kuma turken dabbobi. Tun da aka kore mana shanun huɗa, matasan gidan kuma suka watsu zuwa Funtuwa da Zariya da Abuja neman abin sawa a baka, sai ciyawa ta mamaye wurin. A watan Agusta takan kai ƙirjin babban mutum, ta zama maɓoyar macizai, ta kuma zama abin fargaba ga duk wanda ya san cewa a yankinmu duhuwa kusa da gida ba alheri ba ce. Wani ƙanena da ke aiki a Amurka ya ga hoton filin, ya ce mu haɗa kuɗi ya sayo mana irin motar yankan ciyawar da ake hawa, mai juyawa a wuri guda, ya saka ta a kwantena. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, aka ɗora mini nauyin bincike.

Adalci ne in fara da yabon injin, domin ya cancanta. Tun a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko a Ingila, saboda filayen wasa da lambunan masu hali. Irin wanda ƙanena yake nufi kuwa a Amurka ya bunƙasa, musamman a jihar Kansas, cikin shekarun 1960. Ba shi da sitiyari. Maimakonsa akwai sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace tana sarrafa tayar baya guda ta hanyar matsin mai. Idan ka tura ta dama gaba ka jawo ta hagu baya, sai motar ta juya a inda take tsaye. Tayoyin gaba ƙanana ne masu bin duk inda aka nufa, irin na keken asibiti. A ƙarƙashinta akwai faffaɗan faranti mai wuƙaƙe biyu ko uku da ke juyawa da tsananin gudu. Shi ya sa take zagaye bishiya ko kwanar gini ba tare da ta bar tsinke ba, ta kuma gama a awa guda aikin da zai ci wa mutum yini.

Ga wanda yake da shimfiɗaɗɗen fili a Maitama ko unguwar Turawa ta Kaduna, ko hukumar da ke kula da filin ƙwallo, wannan inji ne na ƙwarai. Irin wannan mai saye sai ya duba faɗin farantin ya daidaita da girman filinsa da faɗin ƙofarsa, domin na gida yawanci daga inci 42 yake zuwa 54. Ya kuma sani cewa motar ba ta son gangare ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, saboda tayoyin gaba ba su da riƙo, kuma masu ƙera ta da kansu suna gargaɗi a kan haka. Sabuwarta mafi araha takan kai wajen dala 3,000, kafin kuɗin jirgin ruwa da na kwastan. To amma mu ba a Maitama muke ba. Saboda haka na ajiye hotunan kamfani gefe, na yi wa filinmu tambayoyi huɗu.

Tambaya ta farko, wace irin ƙasa injin zai taka? Filinmu tsohuwar gona ce. Kunyoyin da aka yi shekaru ana ɗagawa suna nan kwance a ƙarƙashin ciyawa, ga kututturen sabara, ga suri, ga tsakuwa da ɓaraguzan marmara. Farantin motar kuwa ɗan taƙi ne tsakaninsa da ƙasa. Kunya ɗaya ta isa ta ɗaga shi, dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa wuƙa ko ya tsinka bel. Kafin motar ta yi aikin minti goma, sai mun biya kuɗin share filin da baje shi, wato mu kashe gona domin mu samar wa inji wurin yawo.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ta fi nauyi, kuma ba daga littafi na samo ta ba. Da na yi wa baffanmu bayanin yadda motar ke aiki, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, idan ta yanke, ina take zuba ciyawar?" Na ce, "Baffa, niƙe ta take yi ƙanana, ta watsar a wurin." Ya ce, "Ashe tumakin gidan da yunwa za su kwana." A nan ne bambancin ya fito fili. A ƙasar da aka ƙera motar, ciyawar bayan gida ado ce, abin da aka yanke kuma shara ne. A wurinmu ciyawa dukiya ce mai sunaye. Kyasuwa da harƙiya abincin dabbobi ne, ana yanka su da lauje, a shanya, a ɗaure, a ɗora a kan rumfa har bazara, lokacin da dami ɗaya ke yin daraja. Gamba ita ce zanar da ke suturta gida. Shuci shi ne rufin ɗaki da na rumbu. Matan gidanmu da ke kiwon ragunan layya a kan wannan ciyawa suke lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansu. Injin da zai niƙe ta ya barbaɗar, asara zai riƙa yi mana da man da muka saya.

Tambaya ta uku, wa zai gyara, kuma da me zai yi tafiya? Bakaniken Ƙanƙara ko Malumfashi zai kwance maka babur ko janareto ko injin ban ruwa ido rufe, kayan gyaransu kuma suna nan a shagunan Funtuwa. Amma akwatin matsin man da ke tuƙa tayar wannan mota, idan ya lalace, sai an yi odarsa daga ƙetare da dala, a jira makonni, damina kuma ba ta jiran kowa. Batun mai ma ba ƙarami ba ne. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mu kuma mutanen wannan yanki muna da wani darasi na daban. A 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta kafa dokar daƙile 'yan bindiga, an hana sayar da fetur a jarka, an rufe cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, an kuma katse layukan waya. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci ya san cewa injin da ke shan mai da yawa yana iya wayar gari ya zama gunki.

Tambaya ta huɗu ba a rubuta ta a takardar kowane kamfani ba: me injin zai faɗa wa mai kallo game da gidanmu? Duniya ta san Ƙanƙara ne a watan Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. 'Yargoje kuma ta shiga labarai a watan Yunin 2024, a farkon damina, da aka afka wa garin cikin dare, aka kashe gomman mutane, aka tafi da mata da yara. A irin wannan wuri, duk abin da ya yi ƙyalli saƙo ne. Mota mai launin kore ko ja, da ake hawa ana yanke ciyawa, shela ce cewa gidan nan yana da ɗa a ƙasar waje, masu kai wa ɓarayin daji rahoto kuwa ba sa bukatar fiye da haka kafin a yanka wa mutum kuɗin fansa. Ni ina kwana a birni, ƙanena yana wata nahiya. Waɗanda za su biya farashin burgarmu su ne tsofaffi da matan da ke kwana a gidan.

Tarihin noma a Arewa ya riga ya yi mana wannan karatu. A 1949 Turawan mulkin mallaka suka buɗe wani katafaren shirin noma da manyan taraktoci a Mokwa. Injunan suka yi ta karo da saiwoyi da kututture, lissafi ya ƙi fita, kafin 1954 ta ƙare shirin ya ruguje. A gefe guda kuma, garmar shanu da aka fara koya wa manoma tun wajen 1928 ta kama ƙasa, ta bazu a yankin auduga na Funtuwa da Daudawa da Bakori, har ta zama kamar da ita aka haife mu. Dalili a bayyane yake. Maƙerin ƙauye yana iya gyara ta, abincinta yana fitowa daga gonar da take nomawa, takinta yana komawa can, kuma idan sa ya tsufa a sayar da shi da riba. Wannan tsari ne satar shanu ta karya. Yau ajiye bijimai biyu a turke a yankinmu tamkar gayyatar baƙin dare ne. Ashe ciyawar da ta cinye filinmu alama ce kawai. Ainihin ciwon shi ne rashin abin huɗa.

Da muka fahimci haka, sai tambayar ta sauya daga abin da zai yanke ciyawa zuwa abin da zai mayar da filin gona. Muka tsaya a kan ƙaramar taraktar nan mai taya biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannu, wadda wasu ke kira fawa-tila. Mun zaɓi mai ƙaramin injin fetur, irin wanda ke jikin injin ban ruwa, domin kowane bakanike ya san cikinsa. Mun tabbatar tana da garmar ɗaga kunya, ba ta kaftu kaɗai ba, saboda masara da dawarmu a kan kunya ake shuka su. Tana shiga ta ƙofar zaure, ta kwana a ɗaki a rufe. Kuɗinta bai kai rabin na waccan motar ba. Tana da nata aibin: tana girgiza hannu har kafaɗa ta yi tsami, tana wahala a busasshiyar ƙasa mai tauri, kasuwa cike take da jabunta, ita ma kuma ana iya sace ta. Amma tana gama huɗar eka da wuri, a yankin da manomi ke son ya bar gona kafin la'asar. Gefen filin da muka bar wa ciyawa kuwa lauje ne maganinsa, yara su yanke ta tun tana gajeriya, tumaki su ci, idon mai gadi kuma ya riƙa kaiwa nesa.

Sayen inji rabin aiki ne, tsarin riƙe shi shi ne sauran. Mun damƙa ta a hannun wani ɗan yayanmu da ya dawo gida, da sharaɗin ya yi wa maƙwabta huɗa a biya shi, a ware kashi ɗaya na mai da baƙin mai, kashi ɗaya na gyara, sauran nasa. Gonakin matan da aka kashe wa mazaje a unguwarmu kuwa, kuɗin mai kawai za su bayar. Ƙanena bai ji daɗin hukuncin da farko ba, domin da zuciya ɗaya ya yi tayinsa, amma shi ne ya biya kaso mafi tsoka.

Kirana ga 'yan'uwana 'yan boko, da 'yan ƙasarmu mazauna ƙetare, da jami'an da ke sayo wa manoma injuna da kuɗin gwamnati, shi ne a riƙa yi wa ƙasa tambaya kafin a yi wa kamfani oda. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa a Ilorin, waɗanda aikinsu ke nan su gwada inji a kan turɓayarmu su faɗi gaskiyarsa. Duk injin da za a raba, a haɗa shi da horar da bakanike da shagon kayan gyara a ƙaramar hukuma, in ba haka ba shekara biyu ta isa a gan shi a jingine a bayan sakatariya. Sama da komai, manomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tsaro yake bukata, wanda zai ba shi damar sake ɗaure bijimai a turkensa ya yi barci. Allah Ya kawo mana wannan rana, Ya ba mu damina mai albarka.