Marubuci da Masu Jiran Alƙalaminsa

Akwai bambanci tsakanin mai sayen littafi da mai jiran littafi. Mai saye ya biyo ta kasuwa ne, bangon littafi ya ɗauki hankalinsa, ya biya kuɗi ya wuce. Mai jira kuwa ya riga ya san sunan marubucin, ya saba da salon maganarsa, har yakan tsaya a bakin shago ya tambaya ko sabon ya fito. Na farko rabon yini ɗaya ne. Na biyu shi ne jarin marubuci, kuma tara irinsa aiki ne na shekaru. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna yadda ake wannan tarin.

A farkon al'amari, neman masu karatu ba ya cikin aikin marubuci. Lokacin da Abubakar Imam ya shiga gasar rubutu ta 1933 da labarinsa Ruwan Bagaja, hukuma ce a Zariya ta buga littafin, ita ce kuma ta kai shi makarantu. Daga baya kamfanonin ɗab'i suka gaji wannan aiki. Amma da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanoni suka fi mayar da hankali ga littattafan makaranta, waɗanda cinikinsu tabbas ne. Sai matasan marubuta, musamman a Kano, suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan zamani. Wanda ya buga littafi da kuɗinsa kuwa, dole ne ya san inda masu karatunsa suke, in ba haka ba kwafe su taru a ɗaki ƙura ta rufe su.

Dabara ta farko ita ce raba labari kashi-kashi. A fitar da littafi na ɗaya, siriri, mai sauƙin kuɗi, a tsayar da shi daidai inda hankalin mai karatu ya tashi. Kuɗin da aka samu a na ɗaya su ne za su buga na biyu. Ta haka mai saye yake rikiɗewa ya zama mai jira, domin wanda ya bar jaruma a cikin tsaka mai wuya ba zai samu natsuwa ba sai ya ji yadda ta ƙare.

Dabara ta biyu ita ce barin ƙofa a buɗe. Marubuta da yawa sukan sa adireshinsu a jikin littafi, daga baya kuma lambar waya. Masu karatu suka riƙa aiko da wasiƙu, wasu na yabo, wasu na gyara, wasu kuma na neman shawara a kan matsalar aure ko soyayya irin wadda suka karanta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Marubuci ba zai iya taka ƙafa zuwa gidan kowane mai karatu ba, saboda haka amsar wasiƙa ita ce ziyararsa. Wanda aka amsa wa sau ɗaya yakan zama mai tallar littafin a unguwarsu ba tare da an biya shi ko kwabo ba.

Ta uku ita ce kyauta. Gidajen rediyo sukan karanta labaran a iska, masu ba da hayar littattafai sukan bayar a kan kuɗi kaɗan, kwafi ɗaya kuma yakan zaga gida biyar ta hanyar aro. A ido wannan hasara ce, tunda mutane da yawa sun ji labarin ba su saya ba. Sai dai wanda ya ɗanɗana ne yake dawowa. Haka kuma ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama sukan jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane littafi, ta yadda mai karatun wannan zai san wancan.

Wannan dangantaka tana da nauyinta. Alkawari kaya ne, kuma duk wanda ya rubuta cewa a tara a littafi na uku ya ci bashi. In ya yi jinkiri fiye da kima, masu jira su watse. In kuma ya bi son ransu a kowace gaɓa, ya aurar da wanda suke so, ya kashe wanda suka tsana, labarin ya tashi daga nasa ya koma nasu. Gwanin marubuci yana sauraron masu karatunsa, amma alƙalamin yana nan a hannunsa.

A shekarun 2010, da wayar hannu mai intanet ta yaɗu, kasuwar littattafan takarda ta yi sanyi ƙwarai. Marubuta da dama suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad. Abin lura shi ne tsohuwar dabara ce aka sake wa riga: a ba da babobin farko kyauta, wanda labarin ya kama shi ya biya ya ci gaba. Marubucin da bai san kowa ba sai dillalin kasuwa ya sha wuya a wannan sauyi, domin da shagon ya rufe, hanyarsa zuwa ga masu karatu ta rufe tare da shi. Wanda kuwa mutane suka san sunansa suka kuma saba tuntuɓarsa, sai suka bi shi zuwa sabon wuri.

Darasin bai ƙare a nan ba. Waɗannan dandamali ma rumfar haya ce, mai ita yana iya sauya doka ko ya rufe ta ba shawara, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa marubuci mai hangen nesa yake adana sunayen masu karatunsa da hanyar samunsu a wurin da shi ke da iko, da yardarsu, ba ya kuma damunsu da saƙo sai yana da abin faɗa. Wata a Kano take, wani a Maraɗi, wata a Kumasi ko Jidda. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma ranar da aka ce sabon labari ya fito, kowannensu yakan ajiye abin da yake yi ya buɗe shafin farko.