Salansa Mai Ƙyalli a Umm Rakuba

Ga kaɗan daga abin da na gani a gabashin Sudan.

A daminar 2022 na kai ziyara Gadarif, garin ridi da dawa, wurin dangin mahaifina, jikokin mutanenmu da suka yada zango kan hanyar Makka har zango ya zama gida. Daga can muka bi hanyar Doka, wadda ta nufi iyakar Habasha, muka ratse zuwa Umm Rakuba. A Larabcin Sudan, rakuba ita ce rumfar kara ko ciyawa. Sunan kuwa ya dace da wurin: nan aka tsugunar da Habashawan da yunwa ta koro a shekarun 1980, daga baya aka rufe sansanin, sannan aka sake buɗe shi a Nuwamban 2020 domin masu gudun yaƙin Tigirai.

Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da rani ta dare, da damina ta kama ƙafa da taya, har mota ta kwana a hanya. Babur ne ke iya kurɗawa. A bakin kasuwa na tarar da wani saurayi Bahaushe durƙushe gaban babur, yana goge salansa. Na ce masa, "Ƙanena, me ya sa kake wahala kan abin da zai sake ɓaci kafin la'asar?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ba don ado ba ne. Laka takan manne wa salansa, zafi ya gasa ta, ta riƙe danshi a jikin ƙarfe. Daga nan sai tsatsa, daga tsatsa sai huji, daga huji sai sabuwar salansa, kuɗin abincin gidanmu na kwanaki."

Na zauna ina kallo. Sai da ƙarfen ya huce ya jiƙa lakar, ya ɓamɓare ta da tsinke, ya wanke da sabulu. Ya ɗebo toka mai laushi a jiƙaƙƙen tsumma, yana murzawa a hankali, musamman ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Ya ƙi sa sanfefa, don fatar nan mai ƙyalli siririya ce, in ta karce ƙarfe ya tsiraita. Shuɗin da ke kusa da inji ya bar shi, ya ce na zafi ne, ruwa ba ya fid da shi. Daga ƙarshe ya tsane ta, ya shafa ɗigon mai.

Baburin ba nasa ba ne, na maigidansa ne, kuma da shi yake kai marasa lafiya da buhunan hatsi tsakanin sansani da ƙauyuka. Amana ce, shi ya sa yake goge har inda mai shi ba zai leƙa ba.

A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, Gadarif ta cika da masu gudun hijira daga Khartum da Jazira. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ga ɗan kabu-kabu ya ajiye babur da laka ya kwana, sai saurayin nan ya faɗo mini a rai. Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, amin.