Gudu ko Kaya

A Ƙofar Durbi akwai wani saurayi da ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa, haɗin masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Da giyar ƙafafun baya ta cinye, tsohon bakanike ya ajiye masa biyu, ya ƙidaya haƙoransu. Ta farko 35 bisa 9, watau 3.89, mai gudu da tsimin mai. Ta biyu 37 bisa 9, watau 4.11, mai jan nauyi.

Ran saurayi ya biya ga gudu.

"Ɗana, me take ɗaukowa?"

"Buhunan gero, Baba, daga Mani."

Sai ya yi shiru, ya tuna bakunan da motar nan ke ciyarwa tun rasuwar mahaifinsa. Ya ɗauki ta biyu.