Lasifikar ɗakin Inna

Bara da bazara ƙanena ya dawo daga Aljeriya da tsaraba: lasifika uku marasa waya, babba ɗaya da ƙanana biyu, irin waɗanda kowace ke kama wifi da kanta. An yi su ne don su kewaye mai kallon tele da sauti, gaba da baya. Ni kuwa ba fim ne a gabana ba. Inna ta manyanta, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya, tsohon rediyonta kuma ya gaji. Sai na bar biyu a falo, na kai ƙarama ɗaya ɗakinta, ina tura mata tafsiri da labarai daga wayata.

Kwana uku abin ya yi daɗi. Daga nan, kusan kullum bayan isha'i, sai in ji muryarta daga tsakar gida: "Mushe, abin naka ya yi shiru." Haka take kirana, tunda ni ne ɗan fari. In kashe, in kunna, ta yi minti goma ta sake yankewa.

Ban yi dogon tunani ba, na ɗora laifin a kan babban yarona. Shekararsa 15, yana shirin jarabawar BEPC, waya kuma ba ta barin hannunsa. Na ce shi ke taɓa akwatin wifi. Ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa ba." Na yi masa faɗa a gaban uwarsa da ƙannensa, na ƙwace wayar na kulle a durowa har mako guda.

Lasifika ta ci gaba da yankewa, wayar yaro tana kulle. Tun dare na biyu na san ba shi ba ne, amma na yi gum.

Abin kunyar shi ne, a makarantar horar da malamai an koya mana cewa idan ɗalibi ya kuskure lissafi, kada ka tsaya ga jan bik, nemi inda ƙafarsa ta zame. Shekara ashirin ina maimaita wa iyaye wannan magana a lakwal. Da wa'adin ya cika na mayar masa da wayar, na haɗa masa da littafin rubutu, na ce duk sanda ta yanke ya rubuta ƙarfe nawa ne, akwai wuta ko an ɗauke, su wa ke gida. Ya karɓa bai ce uffan ba.

Bayan kwana goma muka zauna a kan littafin. Ashe ciwon ba ɗaya ba ne.

Na farko yana bin ɗaukewar wuta. Idan aka maido ta, lasifika kan farka nan take, akwatin wifi kuwa sai ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ya shirya. Ta nema ba ta samu ba, wani lokaci sai ta haƙura. In ma ta kama, akwatin kan ba ta sabuwar lamba, don shi ke raba wa kowace na'ura adireshinta, wayata kuwa tana can tana kiran tsohuwar. Yaron ya shiga saitin akwatin ya keɓe wa kowace lasifika lamba tata da ba ta sauyawa, ni kuma na sayo ɗan batir mai riƙe akwatin a kunne idan an ɗauke wuta.

Muna cikin saitin ne ya nuna mini wani abu. Akwatin yana watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na biyun ya fi gudu amma ba ya jimirin bango, na farkon ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa, don Bluetooth da akwatunan maƙwabta duk nan suke. Namu ya haɗe su da suna ɗaya, yana ta jefa lasifikar daga wannan zuwa wancan. Gidanmu kuwa tsohon ginin ƙasa ne na Birnin Damagaram, kaurin bango ya fi kamu guda. Ni da hannuna na ajiye akwatin a zaure, bayan ƙyauren ƙarfe, ga kuma tankin ruwa tsakaninsa da ɗakin Inna. Ƙarfe yana maido sigina baya, ruwa yana shanye ta. Muka raba sunayen, muka ɗaure ta ɗakin Inna ga 2.4, muka gwada tasha 1 da 6 da 11, waɗanda ba sa hawa juna, muka tsaya a 11. Akwatin ya koma falo, saman kabad. Yaron ya nace sai mun sauya abu ɗaya mu jira kwana biyu kafin mu taɓa wani, kuma da gaskiyarsa.

Rana ta gyaru sarai. Na bayan isha'i yana nan daram.

Wani dare, wajen tara saura, ya zo ya tsuguna kusa da ni ya miƙo wayarsa. Jerin na'urorin da ke kan akwatin ne: 17. Na gidanmu gaba ɗaya, har da lasifikokin, 8 ne. Ya ce, "Baba, ko na ƴan fada ne?" A hankali ya faɗe ta, kansa a ƙasa.

Su ne. Lokacin gasar kokowa ta ƙasa, kuɗin intanet ɗin wani abokina ya ƙare ana tsakiyar karawa, na karanto masa lambar sirri da ƙarfi a bakin ƙofa, gaban kowa. Tun daga nan, kullum aka ɗora shayi, waya tara ke kallon bidiyo a kan ɗan akwatin da ba a yi shi don wannan kaya ba. Na ƙarshen layi, can bayan bango, ita ke fara faɗuwa.

Sauya lambar minti ɗaya ne. Gaya wa abokan shekara ashirin shi ne aiki. Na ce musu don Inna ne, babu wanda ya musa, ko da yake har yau wani na kirana mai rowar iska.

Sai daga baya uwar yaron ta gaya mini cewa a makon da wayar ke kulle, malaminsu na lissafi ya tura tsofaffin tambayoyin jarabawa ta WhatsApp, shi kuma da rana tsaka yake takawa gidan abokinsa ya kwafo da hannu. Kwana biyu ina juya maganar. Ranar na uku, ana cin tuwon dare, a gaban waɗanda na yi masa faɗa, na ce, "Na ɗora maka abin da ba ka yi ba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai, Baba," ya ci gaba da cin tuwonsa. Inna ta ce a rage surutu, ba ta jin malam.

Sabuwar lambar shi ya zaɓe ta. Shekaranjiya da na sauya waya, sai da na jira ya dawo daga lakwal.