Ƙafar Aro A Akwatin Ƙyanƙyasa Na Gololo

Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san cewa zabuwa gwanar saka ƙwai ce, amma ba gwanar kwanci ba ce. Da ruwa ya sauka sai ta dinga zuba ƙwai cikin ciyawa, sa'an nan a kwashe a sa wa kaza ta kwanta a kai har kwana 26 zuwa 28. Ita kuwa kaza fukafukanta ba su rufe ƙwai mai yawa, saboda haka galibinsa kasuwa ya ke tafiya a dafa a cinye. Wannan asara ce ta sa wani saurayi mai gyaran rediyo da wayar hannu a Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, ya ɗaura niyyar haɗa akwatin ƙyanƙyasa mai ɗaki biyu, wanda zai yi aiki da sola da batir.

Abin da akwatin ke bukata sananne ne. Zafi ya tsaya wajen digiri 37 da rabi, iska ta zagaya, a sami laima daidai gwargwado, kuma a riƙa juya ƙwan sau da dama kowace rana, sai kwana uku na ƙarshe a ƙyale shi. Mutum ba ya iya wannan gadi dare da rana har wata guda, don haka saurayin ya sayo ɗan allon nan Arduino Uno, irin wanda aka faro ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna ATmega328P, wadda a ke rubuta wa umurni ta bi. Da ƙafafunta ta ke ji, da su kuma ta ke aiki: wata ƙafa ta ɗauko labarin zafi, wata ta kunna hita, wata ta tsai da fanka.

To, a nan ne lissafi ya ƙi. Allon Uno ƙafa 20 ya ke bayarwa, biyu daga ciki na magana da kwamfuta ne, saura 18. Shi kuwa da ya zauna da biro ya ƙidaya, gilashin da zai nuna zafi shi kaɗai ya cinye 6, maɓallai 4, ma'aunan zafi da laima 2, hita 2, fanka 2, injin juya faranti 2, makunnan da ke tsai da farantin in ya kai iyaka 2, ƙararrawa 1, fitilun alama 4. Jimla 25 ke nan. Akwai babban wan Uno, watau Mega, mai ƙafa 70, amma kuɗinsa ya fi, kuma kayan irin wannan ba a shagon Gololo a ke samunsu ba, sai a yi aike Kano ko Legas, a jira motar da za ta sauke su a tashar Azare.

Maganin wannan matsala ya girmi saurayin. A 1982 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da wata dabara da a ke kira I2C, don sassan cikin talabijin su yi zance da juna a kan waya biyu tak, ɗaya ta ɗauki saƙo, ɗaya ta buga lokaci. Kowane ɗan aiki da aka rataya a kan wayoyin nan yana da lambarsa kamar lambar gida. Uwar ƙwaƙwalwa ta kira lamba, mai ita ya amsa, sauran su yi shiru. Daga cikin 'yan aikin akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai bayar da aron ƙafa. PCF8574 yana ba da 8, MCP23017 na kamfanin Microchip yana ba da 16, kuma kowannensu yana da ƙafafu uku na zaɓen lamba, ta yadda za a iya jera guda 8 a layi ɗaya. Mai karatu ya auna: ƙafa biyu aka bayar jingina, aka karɓo har 128.

Saurayin ya manna PCF8574 a bayan gilashin nuni, 6 ɗin nan suka koma 2. Ya kawo MCP23017 ya rataya a kan wayoyin biyun dai, ya kiyaye kada lambarsu ta zo ɗaya, domin gidaje takwas ɗin da aka yanka wa wannan su ne aka yanka wa wancan, in kuwa biyu suka amsa kira ɗaya, babu mai jin wani. Ya ajiye sabon ɗan aikin can ƙasan akwati kusa da makunnan hita da fanka da injin juyi, ya ja masa waya wajen mita biyu, ya like da dalma. Ya kunna, kome ya tashi lafiya lau.

Nan da nan labari ya game unguwa. Goggonsa, wadda ita ce ta ba shi rancen kuɗin batir, ta iso da ƙwarya cike da ƙwan zabinta, tare da na maƙwabtanta mata uku, guda 120.

Ta ce, "Ɗan nan, ga shi na kawo. Tun da abu ya yi, jiran me kuma a ke yi?"

Ya ce, "Goggo, ki yi mini haƙuri, sai ya yi mako guda yana aiki babu kome a cikinsa."

Ta ce, "Mako! Kai ba ka san ƙwai ba ya son ajiya ba? Damina kuwa ba ta jiran kowa."

Gaskiya ta faɗa, don ƙwan da ya daɗe a ajiye cikin zafi ƙyanƙyasarsa raguwa ta ke yi. Amma ya tsaya a kan bakansa, ya roƙe ta ta sayar da wannan, ta tara masa sabo. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba ko sallama, kuma har kwana biyu in ya je gaisuwa da ka kawai ta ke amsawa.

Ran kwana na uku da tsakar dare ya leƙa akwatin. Gilashi na nuna 37.5, amma da ya buɗe ƙofa sai hucin zafi ya buge shi. Ma'aunin kwalba da ya rataya a ciki don shaida ya haura 45. Lambar da ke kan gilashin ashe ta sa'o'in baya ce, ta daskare a wurin.

Abin da ya faru shi ne abin da mai sayar da kayan ba ya faɗa. An yi I2C ne don tazarar taƙi ɗaya ko biyu a cikin akwatin talabijin. In aka ja wayar ta yi tsawo, ta kuma bi gefen wayar inji, to duk lokacin da injin ya tashi yana iya watsa mata hayaniyar lantarki, saƙo ya karye a tsakiya. Uwar ƙwaƙwalwa sai ta tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba. Shi kuma ɗan aiki ba shi da hankalin kansa, umurnin ƙarshe da aka ba shi ya ke riƙewa. An ce masa kunna hita, ba a dawo an ce kashe ba, shi ke nan. Ƙafar aro tana da arha, amma duk 16 ɗin a kan igiya ɗaya su ke rataye.

Bai jefar da MCP23017 ba, sai ya sake rabon aiki. Duk abin da in ya maƙale zai kashe ƙwai, watau hita da fanka da ma'aunai da injin juyi da makunnansa da ƙararrawa, ya mai da shi kan ƙafafun uwar kanta. Da wayoyin nan biyu, ƙafa 13 ke nan cikin 18. Maɓallai da fitilu, waɗanda ko sun yi gardama ba a mutuwa, su ya bar wa ɗan aro, ya matso da shi jikin allo har wayar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Daɗin daɗawa, ya tashi wani mai gadi da ke cikin ATmega328P ɗin tun asali: in ƙwaƙwalwar ta yi daƙiƙa 8 ba ta motsa ba, sai ya tashe ta daga farko, kuma a lokacin tashin ƙafafunta sakin aiki su ke yi, hita ta mutu da kanta. Ya ƙara wani makunnin zafi na ƙarfe a kan wayar hitar, wanda ba ruwansa da umurnin kowa, in zafi ya wuce kima sai ya yanke wuta.

Ya sake ƙidayar mako daga farko. Da ya cika, shi da kansa ya je ya ɗauko ƙwaryar, wannan karon ƙwai 96 ne, don ɗaya daga cikin matan ta janye nata. Ran kwana na 25 ya tsai da juyi, ya mai da ƙwan ɗakin ƙasa, ya ƙara ruwa a faranti. Da asubar kwana na 27 aka fara jin tsiya-tsiya daga ciki, kafin faɗuwar rana ta kashegari 'yan zabi 71 sun fito. Goggo ta ƙidaya su sau biyu cikin kwando, ta ware na maƙwabta, sa'an nan ta tambaye shi ko akwatin zai ɗauki ƙwan agwagwa, wanda shi sai ya yi kwana 35.