Kwakwar Baban Coci a Zangon Lome

Bahaushe ya daɗe da sanin manja, amma itacen da ke ba da shi baƙo ne a gare shi. A kasuwannin Kano da Maraɗi ana auna shi a kwalba, mutum kuwa yakan tsufa bai taɓa ganin kwakwa a tsaye ba. Danginta da ya sani su ne goruba da giginya da dabino, dukansu masu ƙaya a hannun ganye. Kwakwar manja ta fi su, gama ita har a cikin nonon 'ya'yanta ƙaya ce. Kada mai karatu ya gama ta da kwakwar attagara da ke jere a bakin teku, wadda ake shan ruwanta. Wannan dabam ce.

Fataken goro da dillalan shanu sun zauna a Zangon Lome tun zamanin Jamus, waɗanda suka mai da garin babban birnin Togo a 1897. A 1977 hukuma ta rushe Zangon, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili wajen Agoye, kamar kilomita 15 arewa da birni, a bakin hanyar Atakpame. A shekarar nan kuma, ranar 1 ga Yuni, gwamnati ta fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Ba mutanen Zango da yawa suka kula da ita ba. Wanda aka tumɓuke shi da kansa, da wuya a yi masa wa'azin dashe.

A cikin waɗanda aka kwashe akwai wani Ba'are daga ƙasar Dogon Dutsi, wanda aka yi wa baftisma a mishan ɗin garinsu. Ya biyo shanu zuwa bakin teku, sa'an nan ya sami gadi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Masu bi kaɗan ne ƙwarai a Zango, don haka maƙwabta suka sa masa Baban Coci, ba don zolaya ba, sai don a bambanta shi da sauran Arawa. Da ya sami fili a sabon wuri, abin da ya fara binnewa ƙwallayen dabino ne, waɗanda wani Alhaji maƙwabcinsa ya aiko masa da azumi. Sun tsiro, sun yi kyau. Wata mace Ewe mai kawo manja Zango ta gani, ta yi dariya, ta ce dabino yana son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin busasshiyar iska, nan kuwa iskar teku ba ta bushewa. Maganarta ta tabbata daga baya: biyu suka zama maza, macen kuwa 'ya'yanta suka dinga ruɓewa tun ba su nuna ba.

Da damina ta uku sai matar nan ta kawo masa dashen kwakwa uku daga gonar mijinta wajen Tsebiye. Kyautar ta fi yadda take a ido. A wurin mutanen ƙasar, baƙon da aka ara wa gona yana iya shuka masara da rogo, amma ba ya dasa kwakwa, gama itace mai daɗewa shaidar mallaka ne. Hausawa ma suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Matarsa ta gane wannan nan da nan. Ta ce, "Maigida, abin da sai ya shekara huɗu kafin a ci shi za ka dasa? Ashe ba za mu koma gida ba ke nan." Bai amsa mata ba, ya ɗauki magirbi ya haƙa rami uku.

A gona akan ba kwakwa tazarar mita 9, kadada ɗaya ta ɗauki 143. Filin gida ba ya ba da wannan, sai ya sa ɗaya a bayan ɗaki, biyu a kusurwoyin katanga. Shekarun fari su ne masu wahala. Gyazbi yakan zo da dare ya ci zuciyar dashen, awakin Zango kuma ba su bar kome ba, sai da ya kewaye kowace da ragar waya. Kwakwa kai ɗaya gare ta, daga nan kowane ganye yake fitowa. In aka kashe wannan kan, ba ta tohuwa ta wani gefe kamar dogon yaro.

Babbar damuwa ruwa ce. Kwakwa tana son ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, Lome kuwa, ko da yake a bakin teku take, a yawancin shekaru ba ta samun 1,000. Ya gina 'yar kwata daga makewayi da wurin wanke-wanke zuwa gindin kowace, ya rufe ƙasar da busassun ganye da ɓawon masara don kada rana ta shanye danshin. Tokar murhu ma ba a zubar da ita a juji a gidansa, gama kwakwa tana sonta ƙwarai. Duk da haka farin 1983, wanda ya ƙone gonaki daga Gana har Togo, ya kama su suna ƙanana. Sa'ad da lokacin haihuwa ya zo, sai suka yi ta fid da fure mai kama da yatsu, ba ko nono ɗaya. Maƙwabta suka ce maza ne, ya sare su kamar dabinon nan. Nan ne ilimin arewa ya kusa cutarsa. Dabino yana da namiji dabam, mace dabam. Kwakwa kuwa itace ɗaya ne ke fid da furen namiji da na mace bi da bi, in ta sha ƙishi sai ta karkata ga na namiji, abin kuma ba ya bayyana sai bayan kamar shekara biyu. Mai manja ce ta hana shi ɗaukar gatari. Da damina ta gyaru, nono ya fito.

Daga barbara zuwa nuna wata biyar ne ko shida. Barbarar ma wani ɗan ƙwaro ne ke yinta, wanda a 1981 aka ɗauke shi daga Kamaru zuwa Maleshiya, domin a lokacin da hannu ake yi a can. Ba a yanke nono don ya yi ja kawai, sai 'ya'ya sun fara faɗowa da kansu a gindi. In an yanke kuma ba a barinsa ya daɗe, gama man yakan yi ɗaci ya kama maƙogwaro. Kowane yanka yana da farashinsa. Ƙayar kwakwa takan shiga ta karye a ciki, wurin ya kumbura ya yi mugunya har mako biyu, wani lokaci yatsa ya sandare. Hannuwan Baban Coci duk tabo ne. Ya koyi yanke hannun ganye daga ƙasa da sara ɗaya, ya kife shi da ƙayar a ƙasa nesa da hanyar yara, ya kuma bar ganye biyu a ƙarƙashin kowane nono su tallafe shi.

Kan ganyen nan ne ya yi rigima da 'yan'uwansa masu bi. A Lome, kamar sauran ikilisiyoyin bakin teku, ganyen kwakwa ake riƙewa ranar Lahadin Ganyen Dabino, shi ne kuma ake ƙonewa a sami tokar Larabar Toka ta shekara mai zuwa. Wata shekara matasan coci suka zo yana wurin aiki, suka aske itatuwan, har da farin ganyen tsakiya, wai ya fi daɗin saƙa gicciye. Ranar tana faɗowa a Maris ko Afrilu, ƙarshen rani, sa'ad da itacen ya gaji kuma yana ɗauke da nono mafi yawa. Kwakwa ganye biyu ne kawai take fitarwa a wata, kowane ganye kuma da furensa a hammata. Ta sabon rauni kuma wani ƙwaro ke shiga ya ci cikin itacen. Da ya yi magana, shugaban matasan ya ce, "Baba, ai na Ubangiji ne." Ya ce, "Ɗana, nonon da ba zai fito baɗi ba, na wane ne?" Waɗansu sun ce rowa ce. Ba rowa ba ce, shi ne da gaskiya. Tun daga shekarar nan shi da kansa yake yankan ganye huɗu daga ƙasan kowace ranar Asabar, ya ɗaure a keke ya kai wa Fada, yara su tsage su ishi jama'a.

Gwaji mafi tsanani ya zo da yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamba 1992, ya kai har cikin 1993. Aiki ya tsaya a tashar jiragen ruwa, albashi ya yanke, dubban mutane suka gudu Gana da Benin. Sai masu sodabi suka zo da kuɗi a hannu. A kudancin Nijeriya akan hau kwakwa a tatsi bammi tana tsaye, amma a Togo kāda ta ake yi, a huda kanta, a tatsa har makonni, a dafa ruwan ya zama barasar nan mai ƙarfi. Itacen ya mutu ke nan. Yara uku suna gida, masara ta ƙare, Baban Coci ya kusa yarda. Matarsa ce ta fito daga madafa, ita da ta ƙi dashen da fari. Ta ce, "Maigida, kuɗin nan wata ɗaya za mu ci. Kuma a tsakiyar Zango, a gidan Kirista, za a kafa tulun giya? Abin da suke faɗa a kanmu ke nan, mu kuma mu sa masa hannu?" Kekensa ya sayar.

Kwakwa uku ba su ciyar da gida ba, kada a ƙara wa labarin gishiri. Amma ba a sayi mai ba a watannin nan. Ta dafa 'ya'yan ta kirɓa a turmi ta kwashe manja, ta fasa ƙwallayen ta soya ta fid da alayyadi, ta fere ganye ta ɗaure tsintsiya, matan Zango suna saye. Ta koyi miyar kwakwa irin ta Ewe, yara suna ci da tuwon masara.

Baban Coci bai koma Arewa ba, a Lome aka binne shi. Kwakwa in ta wuce shekara 25 takan yi tsawon da lauje mai gora ba ya kai mata, sai an kira mai hawa da igiya, shi ma da rabonsa. Ɗaya ta karkata kan katangar Alhaji, aka sare ta. 'Yarsa ta so ta shuka ƙwallon wata kwakwar zamani mai yawan mai, aka gaya mata irin nan gamin iri biyu ne, ɗansa ba ya bin uwarsa, wani ma ba ya haihuwa sam. Sai ta sayo dashe biyu a leda daga wurin masu renon iri, ta sa su a gurbin wadda aka sare da wurin da dabinon yake dā, ta ja musu kwata daga wurin wanke-wanke.