Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Zaɓi Abin Da Za A Gani?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 tashar Disney+ ta saki wani dogon shiri mai kashi uku, The Beatles: Get Back, wanda tsawonsa ya kusa awa takwas. Mafi yawan abin da ke cikinsa zaman atisaye ne. Samari huɗu 'yan Liverpool suna shan shayi, suna hamma, suna zolayar juna, suna maimaita baiti ɗaya har mai kallo ya gaji. Duk da haka masoyan ƙungiyar sun kalle shi daga farko har ƙarshe, wasu da hawaye, domin ya rushe musu labarin da suka riƙe fiye da shekara hamsin.

Asalin hotunan tun watan Janairun 1969 ne. A lokacin The Beatles sun fi kowace ƙungiyar kiɗan rock shahara a duniya, amma rabonsu da yawon wasa gaban jama'a tun 1966, kuma manajansu Brian Epstein ya rasu a 1967. Sai suka shirya su rera sababbin waƙoƙi a gaban kyamara, su ƙarasa da wasa kai tsaye. Darakta Michael Lindsay-Hogg ya ɗauki kimanin awa 60 na hoto da fiye da awa 150 na sauti. Daga wannan tari ya fitar da fim mai kimanin minti 80, Let It Be, wanda ya fito a watan Mayun 1970, wata guda bayan duniya ta ji cewa ƙungiyar ta watse. Mutane suka shiga sinima da makoki a zuciya, suka kuwa ga abin da suka je nema: fuskoki a murtuke, Paul McCartney da George Harrison suna musu kan yadda za a kaɗa jita, da Yoko Ono zaune gefen John Lennon ba ta cewa uffan.

Daga nan labarin ya kafu cewa baƙuwar mace 'yar Japan ce ta shiga tsakanin aminai ta raba su. Jaridun Birtaniya sun yi mata cin mutuncin da ƙabilanci bai ɓoyu a cikinsa ba, har sunanta ya zama abin habaici ga duk macen da ake zargi da raba abokai.

Da Peter Jackson, daraktan nan na New Zealand, ya koma kan dukan hotunan, sai wata Yoko daban ta bayyana. Tana karanta jarida, tana saƙa, tana buɗe wasiƙu, ba ta sa baki a kan yadda za a yi waƙa. Akwai ma inda McCartney da kansa ya yi raha cewa nan da shekara hamsin abin dariya ne a ce ƙungiyar ta watse don Yoko ta zauna kan akwatin lasifika. Shekara hamsin da biyu bayan haka masu kallo suka ji wannan magana da kunnuwansu, kuma a shafukan sada zumunta da yawa suka riƙa cewa matar nan na bin duniya bashin neman afuwa.

Wurin da ya fi yawo a intanet kuwa bai wuce 'yan mintoci ba. Safiya ce a ɗakin ɗaukar fim na Twickenham, Lennon bai iso ba. McCartney na ta dukan jitarsa ta bass yana gunguni ba kalmomi, Harrison na hamma, Ringo Starr na kallonsa da idanun mai jin barci. A gaban idon mai kallo amon ya fara kama jiki, har ya zama waƙar "Get Back". Masoya da suka taso suna ɗaukar waɗannan waƙoƙi kamar saukakku daga sama sai suka ga matashi ɗan shekara 26 yana lalube, wa'adin aiki na binsa. A lokacin babu ko ɗaya daga cikin su huɗun da ya cika shekara talatin. Ga matasan mawaƙa wannan ƙarfafa gwiwa ne, don sun ga baiwa na tafiya tare da naci da yawan kuskure.

Shirin bai ɓoye saɓani ba, kuma dama zo mu zauna, zo mu saɓa. Ranar 10 ga Janairu Harrison ya tashi ya bar ƙungiyar, bayan an daɗe ana yi wa waƙoƙinsa riƙon sakainar kashi. Bai dawo ba sai da aka yarda a bar Twickenham a koma ofishin kamfaninsu na Apple a titin Savile Row da ke Landan. A can mai kaɗa piyano Billy Preston ya shigo cikinsu, fuskoki suka saki, har aka kai ga wasan minti 42 a saman ginin ranar 30 ga Janairu, wanda 'yan sanda suka hau don dakatarwa saboda ƙorafin maƙwabta. Shi ne wasansu na ƙarshe a bainar jama'a.

Sai dai akwai abin da murnar masoya ta tsallake. Awa takwas ɗin ma zaɓi ne daga cikin awa sittin, kuma cikin furodusoshin shirin akwai McCartney da Starr da Yoko Ono da Olivia, matar marigayi Harrison. Lennon, wanda aka harbe a 1980, da Harrison, wanda ya rasu a 2001, su ne suka fi kowa kuka da wannan wata na Janairu lokacin suna raye, kuma ba su nan balle su ce ga yadda suke tuna shi. Abin da ya fi raba ƙungiyar ma ɗan leƙowa kawai ya yi a shirin, inda Lennon ke yabon wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Allen Klein. Daga baya mutum uku suka zaɓe shi manaja, McCartney ya ƙi, kuma a ƙarshen 1970 maganar ta kai kotu. Rigimar kuɗi da takardun kwangila ba a gaban kyamara ake yin ta ba.

Akwai kuma maganar sirri. Ɗaya daga cikin wuraren da masoya suka fi so shi ne hirar Lennon da McCartney a ɗakin cin abinci, inda suka amsa cewa ba su kyauta wa Harrison ba. An naɗi hirar ce da makirufo da aka ɓoye cikin tukunyar fure, ba da saninsu ba. Gaskiyar da ta taɓa zukatan masu kallo a wannan wuri sato ta aka yi, kuma kaɗan ne suka damu da hakan.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A 1970 an gani, an yanke wa Yoko Ono hukunci. A 2021 an sake gani, an wanke ta. Hotunan iri ɗaya ne, na mako huɗu ɗin nan; almakashin mai tace fim da halin da masu kallo ke ciki ne suka canza. Wanda ya zauna gaban irin wannan shiri na da damar ya ji daɗin ganin gwanayensa suna dariya, amma ya kamata ya tuna cewa fiye da awa hamsin na nan a ma'ajiya bai gani ba. Ita kuwa Yoko Ono tana da shekara 88 lokacin da neman afuwar ya iso.